Ƙwallayen Gilashi: Satar Makami Mai Guba Tsakanin Allo da Tarihi

A cikin shekarar 2006 gidan talabijin na Fox da ke Amurka ya nuna zango na biyar na wani wasan kwaikwayo na 'yan leƙen asiri mai suna 24. An ba shi wannan suna ne saboda kowane zango labarin kwana ɗaya ne cur, an raba shi kashi 24, kowane kashi sa'a guda, ga agogo nan yana bugawa a kan allo. Jarumin wasan shi ne Jack Bauer, ma'aikacin wata ƙagaggiyar hukumar yaƙi da ta'addanci a birnin Los Angeles, kuma Kiefer Sutherland ne ya fito a matsayinsa. A wannan zango wasu 'yan aware daga ƙasar Rasha ne suka yi awon gaba da tukwane 20 na wata iskar guba wadda marubutan wasan suka laƙaba wa suna Sentox. A kashi na 12 ɗaya daga cikinsu ya samu katin shiga na wani babban jami'i, ya sulale cikin hedkwatar hukumar, ya ajiye tukunya guda a bakin bututun da ke rarraba iska a ginin. Waɗanda suka yi sa'a suka faɗa ɗakuna masu bangon gilashi aka garƙame ƙofofi. Wani ma'aikacin kwamfuta mai suna Edgar, mutum mai jiki da sanyin hali, wanda 'yan kallo suka saba da shi, ya iso a makare. Abokiyar aikinsa Chloe tana tsaye a bayan gilashi tana kallonsa, ya ambaci sunanta, ya yanke jiki ya faɗi. Agogon da ya saba rufe kowane kashi da bugu, ran nan shiru ya yi.

Mu a nan ba ta tashar muka gan shi ba. A faifai ya iso mana, irin wanda ake jerawa a bakin titi, zango guda a matse cikin faifai ɗaya ko biyu. Na tuna daren da muka kalli wannan kashi a ɗakin kwanan ɗalibai, mu kusan goma a kan katifa biyu, kowa na addu'ar kada a ɗauke wuta. Da aka gama ɗaki ya yi tsit, sai wani abokinmu mai karatun haɗa magunguna ya ce ai wannan gubar da fiya-fiya uwa ɗaya uba ɗaya suke. Muka yi masa dariya. Sai bayan shekaru na gane gaskiya ya faɗa, kuma daga nan na fara bin sawun wannan labari na ɓarawon da ya sace gubar gwamnati da jarumin gwamnati da ya ƙwato ta, labarin da ya zama tamkar gizo da ƙoƙi a wasannin leƙen asiri. Tarihi wani abu daban yake faɗa game da waɗanda suka kashe mutane da guba. Bugu da ƙari, akwai lokacin da tatsuniyar ta tsallako daga allo ta shiga cikin takardun da aka kafa hujjar yaƙi da su.

Asalin Gubar

Ranar 22 ga Afrilu, 1915, a kusa da garin Ypres na ƙasar Beljiyam, sojojin Jamus suka jira iska ta juya, sannan suka kwance bakin tukwane kusan 6,000 na iskar kulorin. Cikin waɗanda hayaƙin ya fara riska a ramukansu har da sojojin da Faransa ta kwaso daga Aljeriya, wato 'yan Afirka suna sahun farko na waɗanda aka gwada wannan makami a kansu. Masanin da ya tsara aikin, Fritz Haber, shi ne kuma ya gano hanyar tatso sinadarin da ake yin takin zamani da shi daga iska, har aka ba shi lambar Nobel ta shekarar 1918. Kafin Yaƙin Duniya na Farko ya ƙare kowane ɓangare ya yi amfani da guba, kuma an ƙiyasta ta kashe mutum kimanin 90,000. A 1925 aka ƙulla yarjejeniya a Geneva wadda ta hana amfani da ita a yaƙi, amma ba ta hana haɗa ta da tara ta ba. Shekara goma bayan haka jiragen Italiya suka yi ta yayyafa gubar mastad a kan mutanen Habasha, Sarki Haile Selassie ya kai kuka gaban Ƙungiyar Ƙasashen Duniya a 1936, aka saurare shi, aka watse.

Irin gubar da ta kashe Edgar a wasa, wato gubar jijiya, a wannan shekara ta 1936 aka haife ta. Wani Bajamushe mai suna Gerhard Schrader yana aiki a kamfanin IG Farben, yana neman maganin ƙwarin gona, sai ya haɗo wani ruwa wanda ɗan tururinsa kawai ya tsuke masa ƙwayar ido ya toshe masa numfashi. Shi ne tabun. A 1938 shi da abokan aikinsa suka haɗa sarin. Yadda suke aiki kuwa shi ne, duk lokacin da jijiya ta aika wa tsoka saƙo ta motsa, akwai wani sinadari a jiki da ke share saƙon domin tsokar ta saki. Gubar jijiya wannan sinadari take ɗaurewa. Sai saƙo ya yi ta taruwa, tsoka ta kama ta ƙi saki, yawu da majina su yi ta zuba, a ƙarshe tsokar numfashi ta gaza. Fiya-fiyar da ake yayyafawa a ɗaki saboda sauro da kuɗin cizo, da takwarorinta da ake fesa wa wake, daga wannan dangi suke, kuma haka suke kashe ƙwaro, sai dai ƙarfinsu bai kama ƙafar na sarin ba. A farkon shekarun 1950, daga binciken maganin ƙwari na wani kamfanin Ingila, aka samo wadda ta fi su duka, wato VX, aka raya ta a cibiyar soja ta Porton Down. A wannan cibiya ne a watan Mayun 1953 aka ɗiga wa wani sojan sama ɗan shekara 20, Ronald Maddison, ruwan sarin a hannu don gwaji, ya mutu. Sai a 2004 kotun bincike ta yanke cewa kisa ne ba bisa ƙa'ida ba.

Mai karatu zai lura har yanzu ba mu gamu da ɓarawo ko ɗaya ba.

Tsoron Sata

Tsoron ya samo asali ne daga rushewar Tarayyar Sobiyat a watan Disambar 1991, kuma ba tsoron banza ba ne. Rasha ta gaji gubar yaƙi kimanin tan 40,000, a lokacin da albashin soja da na masana ya zama sai an ga dama. A garin Shuchiye kaɗai, bayan duwatsun Ural, akwai harsasan igwa kusan miliyan 2 cike da gubar jijiya, a jere kan kantoci cikin tsofaffin rumbuna. Sanatan Amurka Richard Lugar, wanda shi da takwaransa Sam Nunn suka kawo dokar ba da kuɗi don killace waɗannan makamai a 1991, ya taɓa ziyartar wurin ya saka harsashi guda cikin ƙaramar jakar hannu irin ta ofis, aka ɗauke shi hoto, don duniya ta ga sauƙin abin. In ɓera na da sata, daddawa ma na da wari. Marubutan fim da na talabijin ba su buƙaci fiye da wannan ba: ga guba, ga rumbu mai ruɓaɓɓen kwaɗo, ga mai gadi mai jin yunwa.

An kuwa yi satar, sai dai ba ta yi kama da ta allo ba. A watan Agustan 1995 wani attajiri mai banki a Mosko, Ivan Kivelidi, ya kwanta rashin lafiya farat ɗaya ya mutu, sakatariyarsa ma haka. Bincike ya gano an shafa guba ne a bakin wayar tarho ta ofishinsa. Da aka bi diddigi sai sawu ya kai ga wani masanin sinadarai a cibiyar gwamnati da ke Shihani, Leonid Rink, wanda takardun shari'ar da jaridu suka bayyana a 2018 suka nuna ya amsa cewa ya ajiye 'yan ƙananan kwalabe na gubar a garejinsa, ya kuma sayar da wasu. Hukuncin da aka yi masa ɗaurin shekara ɗaya ne na jeka-ka-gyara-halinka. Babu jirgi mai saukar ungulu a labarin, babu agogo mai ƙirga daƙiƙa. Ma'aikaci ne da aljihunsa ya bushe, da mai saye, da gawa biyu.

Wata biyar kafin wannan, ranar 20 ga Maris, 1995, an yi harin da ya fi kowane kama da mafarkin marubutan. Mutum biyar na wata ƙungiyar asiri ta ƙasar Japan mai suna Aum Shinrikyo suka shiga jiragen ƙarƙashin ƙasa na Tokyo da safe, lokacin cunkoson ma'aikata, ɗauke da ledojin sarin naɗe cikin jarida. Suka ajiye a ƙasa, suka huda su da tsinin lema, suka fice. Mutum 13 suka mutu, daga baya adadin ya kai 14, fiye da 5,000 suka garzaya asibiti. Amma su ma ba sata suka yi ba. Ƙungiyar tana da kuɗi, tana da masu digiri a fannin sinadarai, ta gina masana'antarta a gindin dutsen Fuji ta haɗa abarta da hannunta.

Kisa mafi muni kuwa da aka yi wa farar hula da gubar jijiya a ƙarni na 20, mai rumbun ne da kansa ya yi shi. Ranar 16 ga Maris, 1988, jiragen yaƙin Iraƙi suka yi wa garin Halabja na Kurdawa ruwan mastad da gubar jijiya, mutum kimanin 5,000 suka mutu, da yawansu mata da yara, wasu a bakin ƙofofinsu. Waɗanda suka tsira sun ce sun fara jin ƙamshi irin na tuffa. A lokacin manyan ƙasashen Yamma suna bayan Saddam Husaini a yaƙinsa da Iran, don haka tofin Allah-tsine bai wuce fatar baki ba. Kayan haɗa gubar kuma da rasit aka saye su. A watan Disambar 2005, wata guda kafin a fara nuna zangon 24 da muke magana a kai, wata kotu a Holan ta ɗaure wani ɗan kasuwa, Frans van Anraat, shekara 15 saboda ya sayar wa Iraƙi ɗaruruwan tan na sinadarin da ake yin mastad da shi. Da ya ɗaukaka ƙara aka mayar da ɗaurin shekara 17. A ganina shi ya fi Bauer cancantar zango guda, sai dai takardun shigo da kaya ba sa hana ɗan kallo barci.

Ƙwallayen Gilashi

A 1996 aka saki wani fim na Amurka mai suna The Rock, wato Dutsen, laƙabin tsohon kurkukun Alcatraz da ke tsibiri a gaban birnin San Francisco. Michael Bay ne ya ba da umarni. Labarinsa shi ne wani janar, wanda Ed Harris ya fito a matsayinsa, ya fusata da yadda gwamnati ta yi watsi da iyalan sojojin da suka mutu a ayyukan asiri, ya fasa ma'ajiyar makamai ya kwashi rokoki 15 masu ɗauke da VX, ya kama tsibirin da 'yan yawon buɗe ido 81, ya ce a biya dala miliyan 100 ko ya harba. Aka tura masa Nicolas Cage, masanin guba, tare da Sean Connery, tsohon ɗan leƙen asirin Ingila. Abin da kowa ke tunawa a fim ɗin shi ne siffar gubar: wasu ƙwallaye na gilashi, kore shar, a jere kamar tsakiya a zare, waɗanda in ɗaya ta gangara ta fashe sai fatar mutum ta narke. A ƙarshe jarumin ya caka wa kansa allurar atirofin a ƙahon zuciya ya tsira.

Duk wannan ƙirƙira ce. VX na gaskiya ruwa ne mai kauri kamar man inji, ba kore ba ne, ba ya narkar da fata, kuma cikin ƙarfe ake ɗura shi, domin babu sojan da zai yarda ya ɗauki kwalba mai fashewa zuwa bakin daga. Allurar atirofin gaskiya ce, amma a cinya ake yin ta. Masu fim sun zaɓi gilashi ne don ido ya samu abin kallo.

Shekara shida bayan haka, a watan Satumbar 2002, gwamnatin Tony Blair tana shirya wata takarda da za ta gabatar wa majalisa da jama'ar Birtaniya a kan makaman Iraƙi, hujjar da ke hannu kuwa ba ta da kauri. Ana cikin haka sai hukumar leƙen asirin waje, wadda aka fi sani da MI6, ta samu sabon ɗan rahoto wanda ya ce yana da mutum a tsakiyar shirin makaman Saddam. Ranar 11 ga wata aka fitar da rahotonsa na farko, cewa Iraƙi ta ƙara ƙaimi wajen haɗa guba. Kashegari shugaban hukumar, Sir Richard Dearlove, ya je da kansa ya sanar da Blair. Saboda tsananin sirri ba a nuna rahoton ga masanan guba na ma'aikatar tsaro ba, alhali su ne mutanen da za su iya bambance tsaki da tsakuwa. Ranar 23 ga wata rahoto na biyu ya fito, yana cewa an haɗa VX da sarin da soman a wani wuri mai suna Al-Yarmuk, an ɗura su cikin mazubai iri-iri, har da ƙwallayen gilashi masu rami a ciki, a sarƙe da juna. Ranar 24 aka wallafa takardar gwamnati, tana faɗa da gaba gaɗi cewa Iraƙi na ci gaba da haɗa makamai masu guba.

A farkon Oktoba wani daga cikin waɗanda suka karanta rahoton ya ja hankalin hukumar cewa ba a saba zuba gubar yaƙi cikin gilashi ba, kuma akwai wani sanannen fim da ya nuna ta a haka bisa kuskure. Hukumar ta amsa cewa ta lura da kamannin, amma ba ta saki ɗan rahoton ba. Ya yi ta alkawarin kawo cikakkiyar shaida, wata ya bi wata bai kawo ba. A watan Fabrairun 2003 hukumar ta gane a cikin gida cewa ya daɗe yana yi mata ƙarya. Ranar 20 ga Maris aka afka wa Iraƙi. A watan Yuni jami'an suka samu ganin mutumin da aka ce shi ne tushen labarin, ya ce shi bai faɗi haka ba. Sai a ƙarshen Yuli aka janye rahotannin, bayan Bagadaza ta faɗi da wata uku. A 2004 tawagar da Amurka ta tura neman makaman ta ba da rahoto cewa babu rumbun, an lalata shi tun bayan yaƙin 1991.

Jama'a ba su ji labarin ƙwallayen ba sai ranar 6 ga Yuli, 2016, da kwamitin Sir John Chilcot ya wallafa sakamakon bincikensa na shekara bakwai a kan yaƙin. Adalci ne a faɗi cewa abin da rahoton ya rubuta shi ne an lura da kamannin labarin da fim ɗin, kuma ɗan rahoton maƙaryaci ne. Adalci ne kuma a faɗi cewa ba wannan ƙarya kaɗai ta kai ga yaƙi ba. Tana da 'yan'uwa, kuma ɗaya daga ciki ta shafi maƙwabtanmu: takardun da aka ce sun nuna Iraƙi na neman yuraniyom daga Nijar, waɗanda hukumar makamashin nukiliya ta duniya ta ce jabu ne a watan Maris 2003, ɗayarsu ma ɗauke da sa hannun ministan da ya bar kujera tun shekaru da dama. Amma darasin ƙwallayen daban ne. Maƙaryaci yana sayar da abin da ya san mai saye zai gane, kuma siffar da mutanen zamanin suka sani ta gubar yaƙi, manya da ƙanana, daga allo suka same ta. Ɗaya daga marubutan fim ɗin, David Weisberg, ya shaida wa 'yan jarida a lokacin cewa duk wanda ya san harkar guba da gani ɗaya zai gane shaci-faɗi ne. Masu iya magana sun ce ƙarya fure take ba ta 'ya'ya. Wannan dai ta yi, sojojin Birtaniya 179 suka mutu a Iraƙi, 'yan ƙasar kuwa da suka mutu sai dai a ƙirga da dubban ɗaruruwa.

Komawa Allo

Abin da na makara ban lura da shi ba a wancan dare na ɗakin kwana shi ne, marubutan 24 sun riga sun karanci Iraƙi. A cikin zangon an tona cewa satar tukwanen da sanin wasu manya a fadar shugaban ƙasa aka yi ta. Dabararsu ita ce a bar 'yan awaren su tafi da gubar, a tayar da ita daga nesa a sansaninsu, sannan a nuna wa duniya cewa akwai makaman ƙare dangi a tsakiyar Asiya, don a samu dalilin girke sojoji a kusa da rijiyoyin mai. Daga bisani ma aka gano shugaban ƙasar da kansa, Charles Logan, yana ciki. Mu hankalinmu yana kan gudu da harbin Bauer, wannan ɓangare ya wuce mu. A wannan shekara wasan ya ci lambar Emmy ta gwarzon wasan kwaikwayo.

Rumbunan da suka haifi tsoron yanzu babu su. Yarjejeniyar hana makamai masu guba ta fara aiki a 1997, ƙasashe 193 suka shiga, har da Nijeriya da Nijar. Rasha ta sanar da ƙone na ƙarshen abin da ta bayyana a 2017, Amurka kuma ta lalata rokarta ta ƙarshe mai ɗauke da sarin a jihar Kentucky ranar 7 ga Yuli, 2023. Duk da haka an yi ta kisa da guba a tsakanin nan, a Guta ta ƙasar Siriya a 2013, a Salisbury ta Ingila a 2018, kuma a kowanne zargi kan gwamnati ya faɗa.

VX ɗin The Rock shi ma ya fito fili sau ɗaya a gaban kyamara, kyamarar tsaro ta filin jirgin saman Kuala Lumpur, ranar 13 ga Fabrairu, 2017. Kim Jong-nam, yayan shugaban Koriya ta Arewa ta wajen uba, yana tsaye zai karɓi takardar shiga jirgi, sai wasu 'yan mata biyu, ɗaya 'yar Indunisiya ɗaya 'yar Biyetnam, suka zo ta bayansa suka shafa masa wani mai a fuska da tafin hannu, suka tafi banɗaki suka wanke. Ya kai ƙara wurin ma'aikata da ƙafarsa, ya mutu kafin a isa asibiti. 'Yan matan sun shaida cewa an ɗauke su aiki ne a matsayin 'yan wasa a wani shirin barkwanci na talabijin, kuma sun sha yi wa baƙi irin wannan shafe da man shafawa ana biyansu. Mazan da suka tsara abin sun hau jirgi sun bar ƙasar a ranar. Amurka ta ɗora laifin a kan gwamnatin Koriya ta Arewa, ita kuwa ta musanta, kuma a 2019 aka saki 'yan matan duka biyu. A lokacin shari'a an shaida wa kotu cewa a cikin jakar da mamacin ke rataye da ita an samu kwalabe 12 na atirofin.